Keke mai naɗewa, sikuta ko ɗan babur: wanne ya dace da ƙaramin jirgi?

Tambaya: Ina tuƙa ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172, yawanci ni da mutum ɗaya. Idan mun sauka a ƙananan filaye sai mu tarar gari yana da nisan kilomita 5 zuwa 10, ga shi babu motar haya. Wane abin hawa ya kamata in riƙa ɗauka a cikin jirgin? Hankalina ya fi karkata ga sikuta mai lantarki.

Amsa: Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki abin awo ka je wurin jirgin. Ƙofa ce take fara yanke hukunci, sannan nauyi. Ƙofar wurin kaya ta Cessna 172 faɗinta kusan santimita 39 ne, tsayinta kuma kusan 56. Abin hawa da yawa da ake tallatawa da sunan "mai naɗewa" ba ya wucewa ta nan, sai dai ka tura kujerar gaba ka shigar da shi ta ƙofar mutane. Dabarar da muke ba kowa ita ce ya samu kwali, ya yanka shi daidai girman abin da yake son saya a naɗe, ya gwada shigarwa da fitarwa shi kaɗai. In kwalin ya ba ka wahala, ƙarfe mai feda da sarƙa zai fi shi.

A samfurin 172S, wurin kaya kashi biyu ne. Na gaba, wanda yake bayan kujerar baya, yana ɗaukar laba 120, wato kilo 54. Na can ciki wajen wutsiya laba 50 kawai yake ɗauka, kusan kilo 23, kuma duka biyun a haɗe ba za su wuce laba 120 ba. Ke nan kekuna biyu masu kilo 13 kowanne sun fi ƙarfin sashen ciki, ko da ido ya nuna maka akwai fili. Wani ƙaramin jirgin, Piper Archer, ya fi sauƙi ta wannan fuska, don wurin kayansa yana ɗaukar laba 200. Waɗannan alƙaluma suna bambanta daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka littafin jirginka shi ne abin dogaro.

Sai maganar daidaito, wadda ita ce mutane suka fi yi wa sakaci. Nauyi ɗaya ba aiki ɗaya yake yi wa jirgi ba, ya danganta da inda ka ajiye shi. A 172S ana lissafin kujerar baya a inci 73 daga layin awo, wato layin da ake fara auna nisa daga gare shi ta gaban jirgin, wurin kaya na gaba a inci 95, na ciki a 123. Kekuna biyu masu laba 57 a haɗe a kujerar baya suna ba da 4,161 idan ka ninka nauyi da nisa, a wurin kaya kuwa 5,415. Idan ku biyu ne a gaba kawai, wannan ba damuwa ba ce, don dama nauyin jirgin ya rinjaya gaba, kayan baya ma taimako suke yi. Ranar da ka ɗauki mutum a baya kuma ka bar kekunan a wurin kaya, cibiyar nauyi tana matsawa kusa da iyakarta ta baya, inci 47.3. Jirgin da ya wuce wannan iyaka hancinsa yana saurin ɗagawa, kuma idan fikafikai suka daina ɗaukarsa, dawo da shi yana wuya. Ka sake lissafi duk lokacin da lodi ya canza. Ka kuma tuna cewa kilo 26, nauyin kekunan biyu, daidai yake da litar mai kusan 36, wato tafiyar kusan awa guda. Idan ka cika lodi, a tanki za ka biya kuɗin kekunan.

Ga nisan da ka ambata, zaɓinmu na farko keke ne mai naɗewa wanda ba shi da batir. Mai taya inci 16, irin Brompton, yana naɗewa zuwa santimita 58.5 da 56.5 da 27, nauyinsa tsakanin kilo 11 da 13 gwargwadon kayan da aka ɗora masa. Kusan daidai yake da tsayin ƙofar kayan Cessna, don haka a gwada kafin a yarda, amma biyu suna zama a kujerar baya ba tare da rigima ba. Wani abin da ya sa muke son irin wannan naɗi shi ne sarƙar tana shigewa tsakiya, ba ta shafa wa kujeru baƙin mai. Masu taya inci 20, irin na Dahon da Tern, sun fi daɗin tuƙi a hanya mai gargada, yawancinsu kuma sun fi araha, sai dai a naɗe suna kai santimita 80 a tsayi. Masu cikakkiyar taya inci 26, irin Montague, su ne na hanyar ƙasa da tudu, amma sai an cire tayar gaba, kuma guda ɗaya ma yana cinye kujerar baya. Kilomita 10 a keke tafiyar minti 35 zuwa 40 ce ga mai lafiya, kuma keke ba ya mutuwa a hanya don caji ya ƙare.

Sikutar da kake so tana da nata amfanin: ba gumi, ba sarƙa. Xiaomi M365 kilo 12.5 ce, a naɗe tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya, kamfanin ya ce tana yin kilomita 30, kodayake nauyin mutum da hawan tudu da sanyi suna rage wannan sosai. Tayoyinta ƙanana ne, inci 8.5, ga shi hanyoyin da suke fita daga ƙananan filaye sau da yawa tsakuwa ce ko kwalta mai ramuka, inda ƙaramar taya take kayar da mutum.

Abin da ya fi damun mu da ita shi ne batir. Ana auna yawan wutar da batir yake ɗauka da wat-awa: batirin M365 wat-awa 280 ne, na wata sikutar, Ninebot Max, kuma 551. Kamfanonin jiragen fasinja ba sa barin batir da ya wuce wat-awa 100 sai da izini, kuma 160 ce iyaka. A ƙasashe da yawa wannan ƙa'ida ba ta hau kan mai tuƙa jirginsa don kansa kai tsaye ba, amma dalilin da ya sa aka kafa ta yana nan, har ya fi tsanani a ƙaramin jirgi. Idan ƙwayar batirin litiyam ɗaya ta lalace ta ɗau zafi, tana kunna ta kusa da ita, haka har ƙarshe, tana fitar da hayaƙi mai guba da yake rufe ido cikin daƙiƙu. Abin kashe gobara na halon da ke cikin jirgi yana kashe harshen wuta, amma ba ya sanyaya batirin, sai wutar ta sake tashi. Ruwa mai yawa ne yake sanyaya shi, kai kuma ba ka da shi, hannunka yana kan sitiyari, sikutar tana can baya inda ba ka kaiwa. In har sai ka ɗauki mai lantarki, zaɓi wanda ake cire masa batir, ka sa batirin a jakar da ba ta cin wuta kusa da hannun abokin tafiyarka, ka rufe bakin wayoyinsa. Kada ka ɗauki batirin da ya taɓa faɗuwa da ƙarfi, ko ya kumbura, ko ya sha ruwa. Kada a yi caji a cikin jirgi, kada kuma a bar shi a jirgin da aka kulle cikin rana. Injin lantarkin da ke cikin tayar yana ɗauke da maganaɗisu mai ƙarfi, don haka ka dubi kamfas kafin lodi da bayansa, in ya karkata ka sauya wa kayan wuri.

Ɗan babur mai fetur da ake naɗewa, irin na Di Blasi, ya kai kilo 30, kuma matsalarsa tururin fetur ne. Yayin da jirgi yake hawa, iskar cikin tanki tana faɗaɗa ta turo mai ta mahuɗar iska. Sai an rufe famfon mai, an bar injin ya shanye abin da ke kafireto har ya mutu, an kuma zuƙe tankin. A ganinmu wahalarsa ta fi amfaninsa a jirgi mai kujera huɗu.

Kowanne ka zaɓa, ɗaure shi da kyau. Ƙa'idojin ƙera ƙananan jirage suna lissafin cewa a saukar gaggawa jiki yana iya fuskantar ninki 9 na nauyinsa zuwa gaba, ke nan keke mai kilo 13 zai taso da ƙarfin kilo 117, kuma ƙeyarka ce a gabansa. Igiyar roba ba ta riƙe wannan. Yi amfani da madauri mai ƙulli guda biyu a ƙalla, ka saƙala su a zoben ɗaurin kaya na daɓen jirgin, ko ka bi da bel ɗin kujera ta cikin firam ɗin keken. Sa shi a jaka mai kauri, don feda da kan keke suna karce tagogin roba na jirgi, gyaransu kuma da tsada. Kada ka ɗora shi a kujerar gaba, inda zai iya tokare sitiyari. Cire kujerar baya yana ba da fili mai yawa, amma yana sauya takardar nauyin jirgi, sai da hannun injiniya. Tayoyi kam ba sai ka sace musu iska ba: a ƙafa 10,000 bambancin matsin iska bai kai laba 5 a kan kowane murabba'in inci ba.

Dokar hanya ita ma tana bambanta. A Birtaniya ba a yarda mutum ya hau sikutarsa ta lantarki a titin jama'a ba, a Jamus sai da alamar inshora kuma kada ta wuce kilomita 20 a awa. Keken feda kuwa ba ya buƙatar lasisi ko inshora kusan ko'ina. Wasu filayen ba sa barin a hau komai a wurin ajiye jirage, sai a tura da hannu har ƙofa. Kafin ka tashi, kira filin da za ka sauka ka tambaya, don a Amurka da yawa daga cikinsu suna ba matuƙa aron mota na awa ɗaya ko biyu, wasu wuraren kuma suna ajiye kekuna. A jakar keken ka bar hular kwano, fitilar gaba da ta baya, kwaɗo, ƙaramin famfo da tif guda na girman tayarka, domin tif ɗin inci 16 ba kowane mai faci ne yake da shi ba.