Ina da kwana biyu a Istanbul, wane gidan tarihi zan fara shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce daga Kano, sau uku ina zuwa Istanbul sarin dogayen riguna da takalma, amma ban taɓa wuce unguwar Laleli da masaukina ba. A wannan karon zan samu rarar kwana biyu, Litinin da Talata, kuma tare da mahaifiyata zan tafi. Ina jin labarin gidajen tarihin garin. Wanne ya kamata mu gani, kuma yaya za mu tsara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Ki fara riƙe wannan: fadar Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata. Don haka Litinin ɗinku ta Topkapi ce, ita kaɗai, kada ki haɗa ta da wani babban wuri. Masu yawon buɗe ido kan cusa wurare biyar a yini ɗaya, su koma masauki da ciwon ƙafa da hotuna ɗari, a tambaye su me suka gani su kasa faɗa. Balle ke da za ki tafi da dattijuwa.

Daga Laleli tafiyar ba nisa. Ku hau jirgin cikin gari mai lamba T1, tasha ta uku ita ce Sultanahmet, daga nan ku taka ta bayan babban masallacin Ayasofya zuwa ƙofar fada. Ku isa da hantsi kafin motocin ayari su sauke jama'a. Ki sa wa Mama takalmi marar tsini, domin daɓen duwatsu ne, kuma fadar farfajiya huɗu ce a jere, ba gini ɗaya ba.

Sarki Muhammadu na Biyu, wanda ya ci birnin a 1453, shi ya gina ta, sarakunan Daular Usmaniyya (ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba) suka zauna a ciki kusan shekara 400, aka mayar da ita gidan tarihi a 1924. Shawarata, kada ku tsaya kallon komai a hanya, ku zarce farfajiya ta uku, ɗakin da ake ajiye amanoni masu alfarma. Yawancinsu sun zo Istanbul ne bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai takubba da baka da ake danganta su ga Manzon Allah (SAW), da gashin gemu, da wasiƙar da aka ce ita ce ya aika wa Muƙauƙisu mai mulkin Masar, da takubban sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba. Alkyabbarsa tana cikin akwatin zinariya, akwatin za ki gani daga nesa, ba ita kanta ba. Na ce "ake dangantawa" da gangan: wasu kayan suna da tarihin da ake iya bi, wasu kuwa, kamar sandar da aka rubuta cewa ta Annabi Musa ce, masana ba su gamsu da su ba. Ki kalla da ladabi, ba dole ki ɗauki kowane rubutun jikin gilashi a matsayin hujja ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a ɗakin nan sauti ne. Tun daga bakin ƙofa kike jin ƙira'a, ki ɗauka rediyo ne, sai kin ƙarasa ciki ki tarar da alaramma a zaune yana karatu, in ya gaji wani ya karɓe shi. Hasken ɗakin a rage yake, layi na tafiya a hankali, wata tsohuwa na share hawaye da bakin mayafi, ma'aikaci na ɗaga hannu ga duk wanda ya fito da waya. An hana ɗaukar hoto, kada ki gwada.

In kun fito, ku leƙa baitulmalin fada. Nan ne lu'ulu'un nan mai nauyin karat 86 yake, da wuƙar da aka yi wa ƙota da manyan duwatsun zumurrudu uku. Madafar fada tana farfajiya ta biyu, cike da tangaran ɗin Sin sama da 10,000. Ke da kike da idon kaya, za ki daɗe a wurin. Sashen matan sarki yana da kyau, amma lungunansa da yawa, in Mama ta gaji ku bar shi, ku zauna a farfajiya ta huɗu ku kalli teku. Af, a zamanin da ake mulki daga wannan fada ne Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu ga Sarki Muradu na Uku, a shekarun 1570.

Talata kuma ku sassauta. Ayasofya an kammala ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, ta koma masallaci a 2020. Tun 2024 baƙi masu zuwa kallo tikiti suke yanka, a hau da su bene inda tsofaffin zane-zanen Rumawa suke, kuma hawan akwai wuya ga mai ciwon gwiwa. Mai zuwa salla kuwa ta ƙofar masallata yake shiga, ba ya biyan komai. Ku daidaita zuwanku da azahar. In kin ɗaga kai za ki ga manyan faya-faye takwas masu ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini.

Bayan salla, ku tsallaka filin Sultanahmet zuwa gidan tarihin fasahar Turkawa da Musulunci, a tsohon gidan waziri Ibrahim Fasha. Mutane kan wuce shi, ni kuwa na fi son sa a kan wurare da dama masu dogon layi. Babu cunkoso, ga darduma masu shekaru ɗaruruwa a rataye, ga shafukan Alƙur'ani na farkon zamani da aka kawo daga masallacin Umayyawa na Dimashƙ. Ki tsaya ki gwada karanta rubutun Kufi, ki ga yadda wasu haruffansa suka yi kusa da rubutun allo da muka saba da shi.

Kuɗin shiga yana sauyawa, kuma na baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada sosai, don haka ki duba shafin intanet na kowane wuri kafin ku tashi. Tikiti a tagar hukuma ake yanka shi. Duk wanda ya tare ku a hanya ya ce wurin a rufe yake amma zai kai ku wani, shagon darduma zai kai ku. Ki ce masa kun gode, ku wuce.