Tambayoyinku kan fasaha: kada ka goge ± ɗin nan

Tambaya: Malam, wayata kullum cewa take ma'ajiya ta cika, alhali hotunana ba su da yawa. (Wata 'yar'uwa daga Bukuru)

Amsa: Hajiya, bidiyon barka da Juma'a ne na zaurukan dangi da kike jin nauyin fita. Ki kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ki share na baya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a nan Jos, ina bincike kan al'adar Nok. Sakamakon gwajin gawayin da aka tono ya dawo 2450 ± 40 BP. Excel ya ƙi yin lissafi da shi saboda alamar ±. In goge ta da 40 ɗin?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka kuskura! Wannan ɗabi'a tana ci min tuwo a ƙwarya: manhaja ta yi gardama, sai mutum ya yanke gaskiya don ta shiga akwati. Hula ta yi maka kaɗan, sai ka ce a rage kai?

Ga inda 40 ɗin ya fito. Ana gano shekarun gawayi ne daga yawan kabon-14 da ya rage a cikinsa, wato nau'in kabon da ke lalacewa a hankali bayan abu ya mutu. Na'urar AMS mai auna shi, wadda ta shigo wannan aiki a 1977, ba ta zaman jiran kabon-14 ya lalace kamar hanyar farko ta Willard Libby, wanda ya ƙirƙiro wannan gwajin. Caji take ba ƙwayoyin zarra, ta harba su cikin maganaɗisu, ta ware su bisa nauyi, ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ko a abu mai rai, kabon-14 kusan ɗaya ne cikin ƙwayoyin kabon tiriliyan, to ina ga gawayin da ya daɗe a ƙasa.

Ƙirga irin wannan ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tsaya a Terminus ka ƙirga keke-napep: in 100 ne ke wucewa a ƙa'ida, wani lokaci ka samu 90, wani lokaci 110. Girman wannan tangal-tangal shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka abin da ka ƙirga. Ƙwaya 10,000, kuskure 100 ne, kashi 1 cikin 100, wato kusan shekara 80. In an ƙirga 40,000 kuwa, rubuta =8033/SQRT(40000) a Excel ɗin naka, ka ga 40 ya fito (8033 matsakaicin shekarun da ƙwayar kabon-14 ke yi kafin ta lalace ne, bisa lissafin Libby). Kana son 20? Sai an ƙirga 160,000, ninki huɗu, ba biyu ba. Ban da wannan, ɗakin gwaji yana ƙara nasa kuskuren na ma'auni da na gurɓata, don haka kuskuren ƙirga shi ne mafi ƙarancin kuskuren da za a iya samu. Kuma ± 40 amincin kashi 68 cikin 100 ne kawai. In kana son 95, ka ninka shi biyu.

Na san abin da za ka yi gaba: ka cire 1950, tunda BP na nufin shekaru kafin 1950, ka rubuta shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan ma kuskure ne. Yawan kabon-14 a iska ya yi ta sauyawa, dole a daidaita sakamako da ma'aunin IntCal20. Naka kuwa ya faɗa inda ma'aunin ya kwanta shimfiɗe, tsakanin shekara 800 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin da ya shafi Nok sosai. A nan 40 ɗinka zai buɗe ya haura shekara 300, kuma ƙarin ƙirga ba zai matse shi sosai ba.

Abin yi: layi ɗaya na 2450, layi ɗaya na 40, sannan ka kai su OxCal, manhajar daidaita sakamako ta Jami'ar Oxford, kyauta ce a intanet. Ni da ita nake aiki. Kuma ka ajiye takardar asali ta ɗakin gwajin a wuri biyu, filashi da Google Drive, yau ba gobe ba.

Tambaya: Batirina yana saurin mutuwa da asuba tun shigowar hunturu. (Wani bawan Allah daga Unguwar Rogo)

Amsa: Batirin litiyam ba ya son sanyin Jos. Ka daina kwantar da wayar a bakin taga, ka sa ta a aljihu in za ka masallaci.