Amsa ga mai tambaya kan bishiyar da iska ta kayar a Rikkos

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, ban samu zama ba sai yanzu. Ka ce iskar ruwan shekaranjiya ta kayar da wata ƙatuwar bishiya a gidan maƙwabcin surukinka a Rikkos, mai gidan ya ce duk mai so ya zo ya kwasa kyauta, kana son sanin ko za ta biya wahala, da yadda za ka kai ta Anguwar Rogo, duk a nan cikin garin Jos. Na fi shekara goma ina bin irin wannan itace, domin uwargida tana sana'ar masa da ƙosai, murhunmu ba ya hutawa.

Bishiyar kam kyauta ce, amma daga inda take kwance zuwa bakin murhunka, kowane taku da kuɗinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai injin yanka zai karɓi nasa har da kuɗin fetur, ga masu lodi, ga mota, ga 'yan faskare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 lissafin ya sauya, abin da a da nake ɗauka ido rufe yanzu sai na zauna na auna shi da farashin dami a wurin masu sayarwa.

Ba ka faɗi irin bishiyar ba, alhali nan maganar take. A cikin garin Jos abin da iska ta fi kayarwa shi ne itacen turare, sai mangwaro da malaina. Turaren nan tun zamanin Turawa aka yi ta dasa shi, musamman a filayen da aka haƙi kuza, shi ya sa ya cika ko'ina. Yana da nauyi, yana ci da zafi, in ya bushe sosai ba ka da kuka da shi. Sai dai a faskara shi tun yana ɗanye. Na taɓa barin gungume uku suka yi wata biyar a tsakar gida, da mai faskare ya zo gatari ya riƙa dawo masa, ƙarshe ya ce ko nawa zan ba shi ba zai yi ba. Mangwaro ba laifi, tsaka-tsaki ne. Malaina kuwa in ta bushe ba ta da nauyi, fuu ta cinye, ba garwashin kirki, ban yarda in biya mata mota ba sai in tana kusa da za a turo a baro. Rimi da kuka kada ma ka tsaya kallo. In Allah ya ba ka sa'a ka tarar marke ne ko kirya, to bar duk abin da kake yi ka tafi yanzu. Ba banza maƙera ke neman gawayin kirya ba. Amma waɗannan ba kasafai ake samunsu a cikin gari ba, sai an gangara wajajen Toro ko Jengre. Tsamiya ma itace ce ta gaske, illa dai wasu masu injin ba sa taɓa ta, wai gidan aljanu ce. Ni dai na dafa abinci da ita, ga ni lafiya lau.

Kafin inji ya taɓa ta, koma wurin mai gidan da mutum ɗaya ko biyu ya maimaita kyautar a gabansu, ka kuma tabbatar shi ne mai gidan, ba ɗan haya ba. In ta faɗo ne daga gefen titi ko filin makaranta, to tana da masu ita, a sanar da mai unguwa, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji. A ƙauye kuwa ɗorawa ko kaɗanyar da ke cikin gona, ko ta faɗi, ta mai gonar ce. Mu mutanen Jos mun san yadda ƙaramin abu ke zama babba, ba sai na tsawaita ba.

Bishiyar da ta faɗi ba ta mutu ba, haka wani tsohon mai inji ya koya mini. Reshen da nauyi ya danne kamar baka yake da aka ɗana, ana yankawa zai yi tsalle. Wadda ta tuge da saiwarta kuma, da zarar an raba gangar da gindin, kututturen na iya komawa raminsa da ƙarfi, don haka a kori yara daga wurin. A fara da ƙananan rassa daga can sama, a biyo zuwa gindi. In akwai wayar lantarki a cikin ganyen, kada kowa ya matsa sai masu wuta sun zo, ko da an ce an ɗauke. A duba kogo saboda zuma da maciji. Bishiyar cikin gida kuma ba ta rasa ƙusa ko tsohuwar wayar shanya da ta nutse a jikinta, in ta lalata haƙoran sarƙar inji kai za a ce ka biya, gara ku yi wannan maganar tun farko.

Ɗauka ita ce ta fi ba ni wuya. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wato rabin kuɗin motar ruwa kake biya wa. Gungumen da ido ke rainawa, ƙarti huɗu sai su kasa ɗaga shi. Wata shekara cikin watan Agusta kwaɗayi ya sa na cika akori-kura da ɗanyen turare daga wajen Bukuru, don in tsira da sawu ɗaya. Ba mu kai kwalta ba taya ta nutse a laka, sifirin ya karye, muka sauke rabin kayan a hanya ana ruwa. Da na koma washegari ko ɓawo ban tarar ba, wasu sun riga ni. Tun daga ranar nake sa mai inji ya yanka gajeru, kamar kamu ɗaya, daidai abin da mutum ɗaya zai sungumi abinsa. In mai gida zai yi haƙuri, a faskara a can, a bar shi ya sha iska sati biyu ko uku kafin a kwaso. Ka kuma je da ƙafarka ka ga inda mota za ta iya tsayawa, don lungunan Rikkos da na Anguwar Rogo ba ko'ina take shiga ba. In sai an yi dako da baro mai nisa, kuɗin masu lodi zai ninka.

A gida kada ka jibge shi a ƙasa ko ka jingina da bango, gara da kunama za ka gayyato. Jera duwatsu, ka ɗora a kai, ka rufe saman kawai da tsohon kwano. Leda in ta lulluɓe shi gaba ɗaya sai ya yi gumi ya ruɓe. Wanda aka yanka yanzu a farkon damina, kada ka sa ran morarsa sai hunturu ya kama, wajen Disamba, lokacin da sanyin Jos ke sa kowa neman ruwan zafi. Za ka gane ya yi in bakinsa ya tsattsage, ɓawon ya saki, in ka gwara biyu ka ji ƙwal. In aka matsa aka sa ɗanye, hayaƙi ne zai cika gida, masu girki su yi ta hawaye, kai kuma ka sha magana.

Ƙiraren ma kada ka bari, su ne na hura wuta, kuma mai gida zai ji daɗi in ka share masa wuri, gobe in wata ta faɗi kai zai fara kira. Ka turo hoton ganyen da na ɓawon, ka faɗa mini ko mota na isa ƙofar gidan, sai in gaya maka ko ka nemi mai inji ko ka bar wa 'yan unguwar.