Jupita na bisa kai, rediyo ya ƙi magana

Ka ce min, “Oga, na kafa eriya yadda ka nuna, na kwana ina saurare, ga Jupita tar a bisa kaina, amma ban da shuuu ba abin da ke fitowa. Ko in kwance rediyon in duba?” Kada ka taɓa shi tukuna, yarona. Siginar rediyo da duniyar Jupita ke fitarwa muke nema, amma wannan shuuu ɗin da ka raina, da shi za mu fara.

Kashe AGC, wato abin nan da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin in yana kunne zai danne duk abin da ya taso. Sai ka zare wayar eriya ka saurara, ka mayar ka sake saurara. In ƙarar ta faɗi da ka zare, ta tashi da ka mayar, to bambancin daga sama yake zuwa, daga tarin taurarin nan da ranarmu ke cikinsu. Bar kwamfuta ta yi ta zana ƙarfinsa: layin zai hau a hankali in tsakiyar tarin ta zo saitin eriya, washegari kuma hawan zai rigayi na jiya da kamar minti 4. Ka ga wannan, kayanka lafiya lau suke.

Ganin Jupita da ido bai nufin tana aiko maka da komai. Siginar da muke farauta tana fitowa ne daga ƙwayoyin lantarki da ke murɗawa a jikin layukan maganaɗisunta, kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, kuma ba ko'ina take watsuwa ba. Siffar mazurari take fita, cikinsa fanko, sai bangon kawai ke ɗauke da sigina, kaurinsa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Sai bangon nan ya shafo duniyarmu za ka ji wani abu. Jupita kuwa tana juyawa sau ɗaya cikin awa 9 da minti 55, saboda haka dole ka san wane ɓangarenta ne ke fuskantarmu.

Ga kuma Io, ɗaya daga cikin manyan watanninta huɗu, mai zagaya ta cikin kamar awa 42 da rabi. Duwatsun Io masu aman wuta suna zuba kusan tan guda na iska mai ƙibiritu a sarari kowace daƙiƙa, kuma tsakaninsa da Jupita akwai wutar lantarki ta miliyoyin amfiya. A 1964 wani masanin kimiyya, E. K. Bigg, ya tattara tsofaffin bayanai ya nuna cewa siginar ta fi zuwa in Io na wasu wurare ƙayyadaddu a zagayensa. Daga nan aka samu sunayen da za ka gani a jadawalin hasashen lokutan siginar: Io-A, Io-B, Io-C. Ni Io-B nake so sabon shiga ya fara da shi, lokacin da Io ya yi kamar digiri 90 daga inda yake ɓuya bayan Jupita, domin shi ya fi cika alkawari. Ko shi ɗin ma yakan saɓa. Jadawali dama yake nuna maka kawai, wata rana duk lissafi ya yi daidai ka kwana a banza.

Saura shingen da ke bisa kanmu, sashen nan na sararin sama da rana ke cika wa caji. Shi ke maido da siginar gajeren zango ƙasa har muke kama tashoshin nesa, shi ne kuma ke tare ta Jupita. Ƙasa da kamar megahaz 10 ba ta ratsowa. Sama da 40 kuwa Jupita ce da kanta ke yin shiru, saboda iyakar ƙarfin maganaɗisunta ke nan, wajen gawus 14 (gawus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Da wannan iyakar ma aka kimanta ƙarfin tun kumbo bai je can ba. Shi ya sa shirin Radio JOVE na NASA ya zaɓi megahaz 20.1, wato zango mai tsawon kusan mita 15, tsakanin mita 16 da mita 13 na rediyon babanka, shi ya sa kuma kowace wayar eriyarka ta kai mita 7 da ɗan ɗoriya, kusan rabin zangon. Da rana shingen ya yi kauri, da magariba bai gama saki ba. Daga tsakar dare zuwa asuba ne lokacinmu, a watannin da Jupita ke fitowa da faɗuwar rana, abin da ke dawowa duk wata 13.

Abin da ya fi damuna da ku yara ba shirun ba ne, ranar da za ka ji ƙara ka rugo kana murna. Inbata, janareta, cajar waya mai araha, fitilar LED, tartsatsin wayar wuta, walƙiyar damina daga nesa, duk suna magana a wannan zangon. Ɗan murɗa rediyon gefe kaɗan: in tasha ce za ta ɓace, ta Jupita kuwa tana da faɗi, za ta bi ka. Walƙiya ƙas ɗaya take yi ta wuce. Ƙarar inji ba ta sauya kari, ƙuuu har a kashe shi. Ta Jupita iri biyu ce. Akwai doguwa, mai tasowa shaaa ta lafa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa 'yan daƙiƙu, ta sake tasowa. Akwai gajera, tas-tas-tas da yawa a daƙiƙa guda, wadda a allon kwamfuta take fita siraran layuka a karkace, kowanne na gangarowa daga megahaz mai yawa zuwa kaɗan.

Waɗanda suka gano abin ma da farko hayaniyar gari suka ɗauke shi. A 1955 Bernard Burke da Kenneth Franklin suna gwada wata eriya mai siffar kuros a jihar Maryland ta Amurka, a megahaz 22.2, sai wata ƙara ta riƙa shigo musu. Rubuta lokaci ne ya fid da su: ƙarar tana rigayar jiya da kusan minti 4 kamar taurari, amma tana ɗan zamewa a tsakaninsu sannu a hankali, kuma abin da ke tafiya haka a wannan wurin Jupita ce. Da labari ya kai Ostireliya, wani masanin taurari, Alex Shain, ya koma takardunsa na 1950 da 1951 ya tarar da ita kwance a ciki, an wuce ta a matsayin hayaniya.

Don haka gyara agogon kwamfutarka ya dace har daƙiƙa, ka riƙa rubutu da agogon GMT, wanda muke gaba da shi da awa ɗaya. Duk abin da ka ji, rubuta lokacinsa da yadda ya yi, har da lokacin da maƙwabci ya tada janareta. Cibiyar Nançay da ke Faransa tana bin Jupita da eriya 144, tana kuma sa bayananta a intanet, kuma da yake ba mu yi nisa da su gabas da yamma ba, kusan lokaci ɗaya Jupita ke hawa mana. In abin da ka kama ya fito a nasu a minti ɗaya, na yarda. Duba jadawali ka nemo Io-B na gaba da zai faɗo bayan tsakar dare, ka kunna kaya awa guda kafin lokacin, ka kawo min zanen da littafinka da safe.