Kare yara zabaya daga rana: me ƙungiyar unguwa za ta iya yi?

Tambaya: Likita, ina cikin wata ƙungiyar mata a Tawa, kuma muna da yara zabaya uku a unguwarmu. Babbansu mai shekara 12 ya fara samun tabo masu kaushi a kunnuwa da ƙeya. An ce mana man kariya daga rana shi ne mafita, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin iyayen. Ta ina za mu fara?

Amsa: Hajiya, ku fara da kai yaron nan wurin likita. Tabo mai kaushi da ke fitowa inda rana ta saba duka, wanda in an shafa ake jin sa kamar yashi, sau da yawa shi ne matakin da ke gabatar ciwon dajin fata. A wannan mataki aikin ƙarami ne, domin likitan fata yana iya ƙone tabon da ruwan nitirojin mai tsananin sanyi cikin ƴan mintoci. Idan kuwa aka bar shi ya zama ƙurjin da ba ya warkewa, yana zubar da jini, to sai tiyata, wani lokaci har da gashi da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500 daga Tawa.

Fatar zabiya ba ta da isasshen sinadarin melanin, wanda ke ba fata launi kuma yake tare hasken rana mai lahani da ido ba ya gani. Shi ya sa ranar da ɗan'uwansa zai wuni a cikinta ya dawo da gumi kawai, shi tana barinsa da ƙuna, kuma ɓarnar taruwa take yi shekara bayan shekara.

Ban raina man shafawa ba. Mai lamba SPF 50 ake so (lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa daga rana), kuma ana sabunta shi duk bayan awa 2, ko bayan gumi mai yawa, wanda a watannin Afrilu da Mayu na yankin Adar, inda Tawa take, ba ya yankewa. A ganina dai ƙungiyar da kuɗinta kaɗan ne ta fara zuba su a tufafi, ta adana man don fuska, leɓɓa, kunnuwa da bayan hannu. Malafa mai faɗin baki da saƙa matsattsiya, irin wadda manomanmu suka gada, ta fi hular hana-salla ko dara nesa ba kusa ba, tunda waɗannan suna barin kunne da ƙeya a fili. Ku ɗinka musu riguna masu dogon hannu da wuya, na yadi mai kauri. Idan kika ɗaga yadi kika hango haske ta cikinsa, rana ma za ta ratsa.

Abin da iyaye ba za su iya su kaɗai ba shi ne sauya tsarin wuni. Ku zauna da shugaban makaranta da malamin allo, a yarje wa yaran sa malafa, a ba su inuwa lokacin hutu, a zaunar da su gaban aji saboda raunin ganinsu. Talla, kiwo da ɗiban ruwa kuma a mayar musu da su safiya ko bayan la'asar, domin daga ƙarfe 10 zuwa 4 ne rana ta fi cutarwa, ko da akwai hazo. Ku ware mace ɗaya da za ta riƙa tuna wa iyaye duba fatar yaran kowane wata. Ranar 13 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa zabaya, dama ce ta neman limamai da gidan rediyo su yi bayani.

In kun tara jama'a, ku faɗa musu cewa baƙar fata ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Gyambon da ya daɗe, tsohon tabon ƙunar wuta da ya sake buɗewa, ko baƙin tabo mai girma a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, duk a nuna wa likita.