Amsa: karɓar saƙo a gidan haya a unguwar Nima da ke Accra

Malam, ka tambayi yadda saƙo zai riƙa zuwa hannunka a gidan haya mai ɗakuna da yawa. Lambar GhanaPostGPS, wato tsarin adireshin dijital na Ghana da aka fara a 2017, wurin gidan kawai take nunawa, ba ta san ɗakin kowa ba. Ka rubuta cikakken sunanka har da laƙabin da 'yan gida suka san ka da shi, domin da wuya a rasa Muhammadu biyu a gida ɗaya. Ka sa lambar waya, ka ambaci masallacin da ke kusa. In ba ka nan, mai babur ya bar wa mutum ɗaya tak, kamar Hajiya mai shagon ƙofar gida, ka biya mai babur ɗin ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu. Don Allah kada a miƙa wa yara. Takardu masu muhimmanci kuwa, ka kama akwati a gidan waya.