Kun Tambaya, Mun Amsa: Zaman Marubuta da Rera Waƙa a Gaban Jama'a

Tambaya: Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya. Ina so in buɗe wa ɗalibaina zaman koyon rubuta waƙa duk Asabar. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Fara da ƙayyade yawansu. Takwas zuwa goma sha biyu sun isa, domin idan suka kai ashirin, rabinsu za su koma gida ba a ji muryarsu ba. A zauna a da'ira, ke ma cikinsu, kada ki tsaya a gaban allo. Da zarar sun gan ki a tsaye da alli sai su ɗauka darasi ne, su fara neman amsar da za ta faranta miki.

Awa biyu ta wadatar. Minti goma na farko ki rera musu baiti uku ko huɗu na waƙar da kike ƙauna, su maimaita bayanki, kunne ya ɗauki kari. Sai minti ashirin na rubutu, kowa shiru. A nan jagorori da yawa suke kuskure: sai su ba da jigo mai faɗi kamar "ilimi" ko "zaman lafiya", yara kuma su kawo wa'azin da suka haddace. Ba su abin da ido ke gani ko hanci ke ji: ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, tafin hannun kakarsu, layin ɗiban ruwa da asuba. Ki ce baiti biyu ƙwar biyu kawai kike so, wato kowane baiti mai ɗango (layi) biyu. Mai ɗan aiki a gabanta ba ta jin tsoron farar takarda.

Sauran lokacin na karatu ne da sharhi, kuma nan ne daɗin aikin yake. Kowace ta karanta nata, sannan wata ta sake karanta mata shi, mai waƙar tana saurare ba ta cewa uffan. A fara da tambayar wane ɗango ne ya zauna a kunnen masu sauraro, su maimaita shi da ka. Bayan nan a faɗi inda aka ɓace. Gyara ɗaya tak za a ba kowace. Ke ce ta ƙarshe da za ki yi magana, don in kika riga su, ba mai saɓa miki. Batun raba kalmomi da ƙugiyar ƙ da ɗ ki bar shi sai a takarda, ke da ita. Ranar da yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta ji 'yan'uwanta suna maimaita ɗangonta, ki dubi fuskarta; wannan ya ishe ki ladan Asabar ɗin.

Tambaya: Waƙata tana da amsa-amo daidai, a takarda ba ta da aibi, amma in na zo rerawa sai harshena ya yi tuntuɓe. Mene ne matsalar? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, karinka ne ya karye, kuma ido ba zai nuna maka ba. Rubutun boko ba ya bambanta dogon wasali da gajere. Dubi "gari" na mazauni da "gari" na tuwo: rubutu ɗaya ne, amma gaɓar farko ta na mazauni gajera ce, ta na tuwo doguwa. Karin rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, wanda aka gina a kan aruli, wato ma'aunin waƙar Larabci, a kan jerin gaɓoɓi masu sauƙi da masu nauyi yake tafiya. Gaɓa mai sauƙi baƙi ne da gajeren wasali. Mai nauyi tana da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko ta rufe da baƙi, kamar "ran" a cikin "makaranta".

Ga gwaji. Ƙafar karin Mutaƙarib (ɗaya daga cikin karuruwan aruli), wato jerin gaɓoɓin da ake maimaitawa a ɗango, ita ce fa'uulun: sauƙi, nauyi, nauyi. Kalmar "gidana" ta hau ta daram. Ɗauki ɗangon da ya fi yi maka daɗi, ka cire kalmominsa ka rera amon kaɗai kana buga yatsa a tebur, sannan ka ɗora kowane ɗango a kan wannan amo. Duk inda ka ja gajeren wasali da ƙarfin tsiya, ko ka haɗiye gaɓa don ka cim ma bugun, nan ne ciwon. Sauya kalmar, ko ka juya tsarin jimlar. Sau da yawa kalmar da aka cusa don amsa-amo ita ce mai laifin.

Ba abin mamaki ba ne kunne ya zama alƙali, don tun asali don shi ake rubuta waƙar. A ƙarni na 19, jajis ɗin Nana Asma'u, wato matan da ta horar su koyar, haddace waƙoƙinta suke yi su kai wa matan ƙauyuka da baki.

Tambaya: Ƙungiyarmu za ta yi taron waƙa ranar 21 ga Maris, Ranar Waƙa ta Duniya. Muryata rawa take yi a gaban mutane. Yaya zan yi?

Amsa: Rawar murya yawanci ƙarancin numfashi ne, saboda mai tsoro sauri yake yi. Sa alama da biro a takardarka duk inda za ka shaƙi iska, galibi ƙarshen ɗango. Haddace baitin farko sarai domin ka buɗe kana kallon jama'a. Rera wa wayarka sau uku, ka saurara, za ka ji inda kake cinye ƙarshen kalma, wato daidai inda amsa-amon yake. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin bakinka da makirufo, takarda kuma a ƙasan haɓa, kada ta rufe fuska.

Masu shirya taron su ba kowa minti uku zuwa biyar, a sa mai tsaron lokaci, a kuma jera sababbin hannu a tsakiya, bayan wani gwani ya ɗumama wuri. Idan waƙarka tana da amshi, koya wa jama'a shi kafin ka fara, ka bari su karɓa sau biyu, sannan ka shiga baitin farko.